Gurguwar Ƙafa

A Holmavik, rana takan leƙo a Disamba
kamar mai bin bashin da ta san ba za a biya ta ba,
ta ɗan tsaya a bakin teku, ta juya.
Sauran yinin na fitila ne, da ni, da masaƙa.

Masaƙata lantarki take sha.
Zare dubu da ɗari uku a miƙe,
kwamfuta ke kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya:
kai tashi, kai kwanta.
Nawa jefa ƙoshiya ne kawai, da ciwon kafaɗa.

Littafin kakata Hallbera
a ƙasan akwatin gishiri muka tsince shi,
bangonsa fatar tunkiya, yana warin busasshen kifi.
Shafi na sha tara, hatimin hana nutsewa:
ƙafa takwas kamar gizo-gizo,
bakwai a miƙe, ɗaya gurguwa.
A ƙasa ta rubuta da tawadar da ta koma ruwan ƙasa:
ulun baƙar tunkiya, a wuyan mai fita teku,
kada a gaya masa.

Na ɗauki hoton shafin na ba na'ura.
Ta tambaye ni cikin ladabi, in daidaita?
Na danna e.
Kafin ƙiftawa gurguwa ta warke,
ƙafa takwas cif, kamar an auna da tsinke.
Na ce, ayya Hallbera, tsufa ne ya girgiza miki hannu.

Dare uku na saƙa wa Ketill, ƙanena.

Gudfinna ta shigo aron sukari.
Shekara casa'in, yana ta rufe mata ido,
da yatsu take gani.
Ta shafa, ta sake shafawa, ta tsaya.
Ta ce, ina ƙofar?
Na ce, wace ƙofa?
Ta ce, 'yar nan, teku kan shiga ko'ina, wannan ba a hana ta.
Hanyar fita ake bar mata.
Kin gina mata ɗaki, kin toshe.
Ta ɗauki sukarinta ta tafi.

Ni fa na yi boko a Reykjavik.
Jirgin Ketill yana da rediyo, da rigar da ba ta nutsewa,
da tauraron ɗan adam mai ƙirga numfashinsa.
Na faɗa wa kaina haka har sau uku,
na kashe fitila.

Ƙarfe huɗu na asuba ina tsaye ina warwara.
Garin neman gira.

Na buɗe allo, na yi ta faɗaɗa hatimin
har ya daina zama hatimi,
ya koma ɗakuna ƙanana, fari da baƙi.
Ɗigo arba'in da ɗaya na tura gefe da hannuna,
ina bin rawar hannun matar da ban taɓa gani ba.
Na'ura ta ce akwai kuskure.
Na ce na sani, na gado ne.

A jifa ta ƙarshe bakin ƙoshiya ya cije ni.
Ba da gangan ba, na rantse.
Jini ɗis ɗaya, baƙin ulu ya shanye
kafin in yanke shawara.

Ketill ya juya mayafin a hannu,
ya ce nan ya karkace, kuma yana ƙaiƙayi.
Na ce sa abinka, kyauta ba a duba mata haƙori.
Ya naɗa a wuya, ya fita cikin duhu yana fito.

Yanzu jirginsa koren ɗigo ne a wayata,
mil sittin arewa, inda iska ta fara tashi.
Yakan ɓace, ya dawo.
Yakan ɓace.
Masaƙa ta yi shiru, zarenta duka a kwance,
ni kuma ina zaune da yatsa a baki,
ina tsotsar gishirina,
ina jira.